Huji a Bangon Malam Sajo

Bayan rikicin watan Nuwamba na 2008, mutane da dama a Jos sun yi musayar gidaje. Kiristan da ke zaune cikin Musulmi ya nemi Musulmin da ke zaune cikin Kiristoci, kowa ya kwashe kayansa ya koma gidan ɗayan. Haka Firisila ta bar Nasarawa Gwom, inda ta haifi ɗanta kuma ta yi zaman makokin mijinta, ta koma gidan Malam Sajo, wani dillalin shanu, a kan hanyar Rayfield. Sharaɗi ɗaya suka yi a gaban dattawa: aro ne ba sayarwa ba. Ba mai rushewa, ba mai ginawa, ko ƙusa ba za a buga a bangon wani ba, har ƙura ta lafa kowa ya koma nasa. Firisila ta riƙe sharaɗin. Hoton mijinta ma a kan tebur ta jingine shi.

Abin da ta kasa riƙewa shi ne ɗanta Pwajok. Ɗalibi ne a jami'a, kuma kowace Asabar sai ya koma Nasarawa wurin abokinsa Adnan, ɗan tsohon maƙwabcinsu, wai su buga ƙwallo a akwatin gem. Sa'ad da suke can, waya ce ta ratsa bangon gidajen biyu, kowa na wasa daga ɗakinsa suna zagin juna ta taga. Yanzu sai ya wuce shingayen sojoji, ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin iyaka don ba ya shiga ciki, ya ƙarasa da ƙafa.

"Kowa ya san ni a can, Mama," in ji shi.

"Ba wanda ya san ka nake tsoro ba."

A ofis ta ji cewa ana iya yin wannan wasa ta intanet, ko da ɗaya na Jos ɗaya na Legas. Suna da intanet a gida, ta sa ne don karatunsa, kuma ta taho da rauta, na'urar da ke raba intanet ɗin, daga tsohon gida. Ba ta gaya masa komai ba, don ta san shi da gardama. Ta jira wata Asabar cikin damina, da ya fita, ta kira Ijeoma, wadda ke gyara musu kwamfutoci a ma'aikata.

Ijeoma ta juya akwatin gem ɗin, ta leƙa bayansa.

"Mama, wannan inji tsoho ne, ba ya jin intanet ta iska. Sai an ba shi a baki." Ta ciro wani ƙaramin akwati mai eriya daga jaka. "Wannan zai kama intanet daga rauta, ya tura masa ta gajeriyar waya. Ba huda, ba wahala."

Abin da Firisila ke so ta ji ke nan. Ta kawo mata shayi.

Rautar tana falo, jikin tagar da wayar eriya ta sauko daga kwano. Ɗakin Pwajok kuwa ɗakin samari ne, ƙofarsa na kallon waje, bayansa na jingine da falon. Ijeoma ta haɗa komai, ta shigar da lambobin sirri, ta zauna tana kallon fitilar ƙaramin akwatin. Fitilar ta yi ta ƙyaftawa ja. Ta ɗora shi a kan wadrob, ta sauke, ta riƙe shi sama da kanta kamar mai neman sabis a ƙauye. Ja. Daga bisani ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa.

"Dutse ne zalla, tun zamanin Turawan kuza. Wanda ya gina wannan gida yana jiran yaƙi ne?"

Firisila ba ta yi dariya ba, Ijeoma ta yi saurin kurɓar shayi.

"To mu kawo gem ɗin falo."

"Falon da ƙanwata da 'ya'yanta ke kwana tun da aka ƙona gidansu? Yini ɗaya za su ɓalla shi."

"Mu zagaya da waya ta waje."

"Ta bakin titi? Kafin Lahadi an yanke ta."

"To Mama, saura huji. Ƙarami, kamar ɗan yatsa. Ba wanda zai gani."

Firisila ta daɗe tana kallon bangon. Ta san ba maganar gani ba ce. Duk lokacin da 'yan coci suka tambaye ta ko ta saba da sabuwar unguwa, takan ce ai zaman aro take yi. Da wannan magana take kwana. Sannan ta dubi agogo, ta tuna inda ɗanta yake a daidai lokacin, ta ɗauki waya ta kira Malam Sajo.

Yana kara, kasuwar dabbobi, ana jin kukan shanu da ciniki a bayansa. Suka gaisa a tsanake, ya tambayi yara, ta tambayi uwargida. Ta faɗi buƙatarta, tana ba da haƙuri tun kafin ta gama.



"Huda kawai, Maman Pwajok. Ni ma nauyin gaya miki nake ji. Watan jiya na sa an ƙara tsawon katangar gidanki, an toshe ƙofar baya. Itacen gwaibar nan kuma yana ɗaga daɓe, an sare shi. Yara sun shiga makaranta a nan. Uwargida ta ce ta gaji da zama kamar baƙuwa."

Mijinta ne ya dasa gwaibar. 

"Ba komai, Malam. Allah ya sa alheri."

"Amin. Allah ya kawo mana zaman lafiya."

Ijeoma ta aro injin huda daga wani kafinta a layin. Dutsen ya yi taurin kai, injin ya yi zafi har sai da suka dakata ya huce. Da ya ɓulla, garin dutse ya zubo a kan tabarmar yara. Ijeoma ta zura doguwar waya, ta soka kai ɗaya a rauta, ɗaya a gem. Fitilar jikin gem ɗin ta kawo koriya. Ta mayar da ƙaramin akwatinta jaka, ta ce ta ga hadari, ta tafi.

Pwajok ya shigo gab da magariba, rigarsa sharkaf. Firisila ta kai shi ɗakin da kanta, ta nuna masa.

"Daga yau kana nan, Adnan na can, ku yi ta bugawa har ku gaji. Ba sai ka ƙetare ba."

Ya tsuguna ya taɓa wayar, ya bi ta da ido har inda ta shige bango. Ya san sharaɗin, yana wurin aka yi shi.

"Kin huda bangon Malam Sajo?"

"Da izininsa."

"Mama." Ya share ruwan fuskarsa. "Adnan ba shi da intanet. Bai taɓa samu ba. Wayar da ta ratsa bangonmu ita ce intanet ɗinsa. Ranar da muka tashi ni na zare ta da hannuna."

"Sai ya sa nasa mana."

"Shagon babansa ya ƙone. Gem ɗinsa ma an sayar. Nawa nake so in kai masa, kika hana ni fita da shi. Zama kawai muke yi a ƙofar gida."

 A waje ƙanƙara ta fara sauka a kan kwano, iska mai sanyi na shigowa ta gefen wayar. Ta yagi tsumma ta cusa a hujin.

Asabar ta gaba ya fita kamar kullum. Ta bi shi zuwa ƙofa, ta ce ya kira ta in ya wuce shingen ƙarshe, ya ce to. Koriyar fitilar na kunne a ɗakinsa, ba wanda ya kashe ta.

Firisila ta koma falo ta nemo guduma. Ƙusar farko ta lanƙwashe a jikin dutsen, ta biyu ta samu tsakanin duwatsu ta shiga. Ta rataye hoton mijinta, ta gyara shi ya daidaita. Sannan ta ja kujera ta fuskanci ƙofa, ta ɗora wayar hannunta a cinyarta.