Saukar Hajo a Belleville

Ranar Laraba ce, ruwa yana zuba tun asuba, unguwarmu Adjamé duk ta zama laka. Inna ta ɗora wa ƙanwata Hajo kwanon miya ta kai wa Gwaggo a Treichville. Hajo kuwa in ta ga baƙon ido murya ƙin fita take yi. Wancan karon har tashar ƙarshe direba ya kai ta, don ta kasa cewa zan sauka.

Tun daga nan ƙawarta Kamila ta mai da bencin ƙofar gida woro-woro, motar haya. A wasan, Kamila ce direba, kuma kurma, ba ta tsayawa sai Hajo ta daka mata duka a kafaɗa ta yi ihu.

Ranar Larabar na bi su cikin woro-woro ta gaske, amma Kamila ta kafa mini sharaɗi: “Yaya Zakari, ka buɗe baki, na fasa.”

Muka shigo Belleville, unguwar Gwaggo a Treichville. Ga kwanar gidan Gwaggo tana matsowa, leɓen Hajo na rawa, ba sauti. Muka wuce kwanar. Na cije harshe.

Kamila ta raɗa mata, “Ke, ɗauka ni ce direban a gaba.”

Sai ji muka yi tim a kafaɗar direba. Hajo ce, ta ƙwala masa kiran kawu irin na nan: “Tonton, zan sauka!”

Ya taka birki, kwano ya kife.

“Wace ’yar dambe ce wannan?” in ji shi.

“Ni ce. Yi haƙuri,” in ji Hajo, tana kallon idonsa.

Mun yi asarar miya kwano guda, da farin wandona, da takalminta ɗaya da kwata ta tafi da shi.