Wurin Zaman Gerlinde

Shekara talatin da takwas Ekkehard Rathje da matarsa Gerlinde suna da abu ɗaya da ba ya tashi: ranar Lahadi, ƙarfe takwas da kwata na dare, fim ɗin 'yan sanda a talabijin. Shi a kujerarsa ta fata da ke tsakiyar falo, ita a ƙarshen doguwar kujera ta hannun dama, jikin bango, da bargo a gwiwa. Mu mutanen birnin Kiel ba a san mu da yawan magana ba, Ekkehard kuwa ko a cikinmu ya yi fice. Hirar mako guda a wannan awa ɗaya da rabi suke yin ta, ita ma rabinta gardama ce a kan wanda ya yi kisan. Gerlinde ce ke cin gardamar kusan kullum.

Da ya yi ritaya daga aikin wayar lantarki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, sai ya sayo amfilifaya ta falo, irin wadda ke raba sauti ga ƙananan sifiku biyar da wata ƙatuwa mai rugugi. Ba ta masu hannu da shuni ba ce, ba kuma ta araha ba. Mai shagon ya ce masa wannan ita ce ta mai hankali, shi kuwa Ekkehard ba sai an faɗa masa haka sau biyu ba. Mako uku yana rarrafe yana ɓoye waya a gindin bango. Sifiku uku a gaba, biyu a baya, ta hannun dama ta faɗo daidai saitin kafaɗar Gerlinde.

A cikin kwalin akwai wani ɗan makirfo mai doguwar waya. Littafin da ya zo da injin ya ce a kafa shi a wurin zaman mai sauraro, daidai tsayin kunne, a yi tsit. Injin zai saki ƙara ta kowace sifika, ya ji yadda take isowa, sa'an nan ya daidaita komai domin wannan wuri. Ekkehard mutum ne da ko tukunyar dafa ruwa ya saya sai ya karance littafinta. Ya karanta "mai sauraro", ya ɗauki makirfon ya kafa a kujerarsa. Ko a mafarki bai tambayi kansa masu sauraro nawa ne a gidan ba.

Gaskiya sauti ya fito. Idan mota ta wuce a fim sai ka ji ta bi ta bayan wuyanka, idan an yi raɗa sai ka ce a gabanka aka tsaya.

"Kin ji, Linde? Kin ji ruwan saman nan?"

"Na ji ruwa kam," in ji ta.

Lahadi ta uku, minti goma da farawa, ta ce bari ta duba abu a kicin. Ba ta dawo ba sai da aka kama mai laifin. Ta huɗu ma haka. Daga nan ya zama ɗabi'a: ta zauna kaɗan, ta ninke bargo, ta tashi. Abin ya ci wa Ekkehard rai ƙwarai. Ya ɗauka haushin injin take ji, daga baya ya fara tunanin ko shi ne ta gaji da shi, yanzu da yake gida safe da yamma. Tambaya ɗaya da ta raba gardama, amma ina. Sai ya ƙara murya, wai ko daɗin sautin ya jawo ta daga kicin. Wata huɗu ana haka.

Wata Litinin da rana, ta fita sayen burodi, yana laluben makullin ɗakin ajiya a aljihun rigar ruwanta, sai ya zaro kati daga wurin likitan kunne. Kwanan watan ya wuce da sati biyu. Nan take mahaifiyarta ta faɗo masa a rai, tsohuwar da ta kurmance, wadda ta ƙare rayuwarta a tsakiyar mutane tana murmushi ga maganar da ba ta ji ba. Ya zauna a inda ya fi kusa, wato ƙarshen doguwar kujera, wurin da bai taɓa zama ba tun da aka sayo ta.

Talabijin na kunne, ana wani tsohon fim na rana. Mutum biyu na magana a tashar jirgin ƙasa. Ekkehard ya ga bakunansu na motsi, muryoyin kuwa can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Abin da ke cika masa kunnen dama shi ne ƙarar jirgi da takun fasinjoji, daga sifikar da ya kafa da hannunsa. Ya tashi ya koma kujerarsa, magana ta fito tar. Ya dawo, ta ɓace. Sau uku yana wannan zirga-zirga da katin a hannu, kunya na cin sa.

Da ta shigo, ya ɗora katin a teburin kicin.

"Aljihuna kake bincike yanzu, tsoho?"

"Makulli nake nema. Me ya ce?"

Ta ajiye burodin, ta ɗauki lokaci tana cire safar hannu. "Na hagu ya ja baya. Ba zai dawo ba. Na dama da saura."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"In ce me? Ka yi sati uku kana jan gwiwa a ƙasa, ka taso fuska kamar wanda ya ci caca. In ce maka ba na jin ko kalma ɗaya?"

"Rabin laifin nawa ne, Linde. Injin ni kaɗai ya sani. Kujerata na auna masa."

"Kada ka lallashe ni da inji, Ekki. Haka Mama ta fara, tana cewa rediyo ne ya lalace." Ta juya masa baya tana yanka burodin. "Ka yi kallonka. Ni dai ba zan zauna ina kallon baki na motsi ba. Na gama."

Gerlinde idan ta ce ta gama, to ta gama. Ekkehard ya san magana ba za ta dawo da ita falo ba, dama shi ba gwaninta ba ne. Sai dai ta ji da kunnenta.

Washegari ya kafa makirfon a wurinta ya danna. Injin ya yi ƙara biyu ya tsaya, ya rubuta a talabijin cewa hayaniya ta yi yawa. Tun farkon bazara ake tone titin gabansu ana sa bututu, daga bakwai na safe har yamma. Da masu tonon suka tashi ya sake gwadawa, sai bas, sai talabijin ɗin maƙwabtan da ke benen sama, sai injin wankin na ƙasa. Ranar Asabar kuwa kowa ke share gidansa da injin shara. Sau tara injin yana ƙin sa. A duk mako lokaci ɗaya ne ginin nan ke yin shirun da ake buƙata, ranar Lahadi daga ɗaya zuwa uku na rana.

Nan fa ake yin ta. Dokar shirun Lahadi tana manne a gindin matakala cikin firam, kuma kowa ya san wanda ya sayo firam ɗin. Shekara ashirin Ekkehard yana zura wa mutane takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wannan don ya buga ƙusa, wancan don ya jefa kwalabe. Ƙarar awon kuwa ba ta wasa ba ce, ta ƙatuwar sifikar har ƙasan daɓe take ratsawa. Ya yi tunanin ya yi kawai, minti goma ne, wa zai mutu? Amma ya san kansa. Da wani ne ya yi, da kafin uku takarda ta isa.

Ranar Asabar da yamma ya sa rigar fita, ya bi ƙofofi biyar. Huɗu suka ce ba komai, suna danne dariya. Ya bar ta Frau Asmussen a ƙarshe, ma'aikaciyar jinyar da ke zaune daidai ƙarƙashinsu.

"Herr Rathje! Yau kuma me na yi? Numfashi na yi da ƙarfi?"

"Alfarma na zo nema, Frau Asmussen. Gobe da rana zan yi ƙara. Minti goma."

"Gobe? Wace rana ce gobe? Tuna mini."

"Lahadi."

"Tsaya nan, kada ka motsa." Ta shiga, ta dawo da wata takarda da ta yi shekara biyu manne a firjinta. "Karanta. Tabarauna ya ɓata."

Rubutunsa ne. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, cewa ana tunatar da ita cikin girmamawa huda bango ranar Lahadi ya saɓa wa sashe na huɗu na dokar gida.

"Kwana shida nake aiki a mako, Lahadi kaɗai nake gida," in ji ta. "Katakon littattafan nan yana nan jingine tun ranar. To, wace gagarumar ƙara ce ta fi ƙarfin sashe na huɗu?"

Ya so ya ce gyaran na'ura ne. Sai ya ji bakinsa ya faɗi gaskiya. "Matata ba ta jin fim. Na saita injin don kaina ni kaɗai. Ta ɗauka kurmancewa take yi."

Frau Asmussen ta daina dariya. Ta ninke takardar ta miƙa masa. "Ka yi ƙararka. Amma idan ka gama, ka sauko da injin huda bangonka. Rami huɗu ne. Tunda an karya Lahadin, a karya ta da kyau."

Laifi tudu ne, aka ce. Ekkehard ya hau matakala yana jin nasa a ƙarƙashin ƙafa.

Lahadi bayan sun ci kifi da dankali, ya roƙi Gerlinde ta zauna a wurinta minti ɗaya.

"Na ce maka na gama."

"Ba kallo ba ne. Awo ne."

Ta zauna tana tsaki. Ya buɗe ma'auninsa na katako, ya auna daga daɓe zuwa kunnenta. Ya kawar da gashin da ya rufe kunnen da yatsa, sai ya ga furfurar ta fi yadda ya sani. Ya ɗaura makirfon a ƙafar kyamara daidai wannan tsayi. Ya zare wayar firji, ya tsayar da agogon bango, ya rufe tagogi. Suka tsaya a bakin ƙofar falo da safa, ba mai tari.

Ƙarar ta fara, fiuu, fiuu, daga sifika zuwa sifika, ta zagaye ɗakin. Sa'an nan ƙatuwar ta yi gurnani har kofuna suka amsa a kabad. Ekkehard ya runtse ido, bai taɓa jin ƙara mai muni irin wannan ba a ranar Lahadi. Injin ya yi shiru na ɗan lokaci, ya rubuta cewa an kammala. Shi kuwa bai tsaya nan ba, ya shiga saitin ya ƙara wa sifikar tsakiya ƙarfi, wadda ke ɗauke da muryoyin mutane, ya rage ta bayan kafaɗarta. Daga nan ya ɗauki injin huda bango ya sauka. Gerlinde tana kicin ta ji rami huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai.

Takwas da kwata ya zauna a kujerarsa bai kira ta ba. Sai da aka tsinci gawar a bakin teku ta leƙo, da tawul ɗin goge kwano a hannu.

"Minti biyar," in ji ta. "Don ramukan da ka huda."

Ta zauna, ba ta ko ja bargo ba. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Daga kujerarsa yanzu muryoyin sun karkace, sun gudu gefe guda, amma ba fim ɗin yake kallo ba. A talabijin matar mamacin ta yi wa 'yar sanda wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙarya take yi," in ji Gerlinde. "Ɗazu cewa ta yi ba ta san yana da kwalekwale ba."

Sai ta farga har maganar ƙasa-ƙasa ta ji. Ta kai tawul ɗin ga idonta, sa'an nan ta jawo bargo ta rufe gwiwa.

Ekkehard ya tashi daga kujerar fata, ya zo ya zauna a gefenta na hagu. A shekara talatin da takwas ya sha gyara abin da ya ɓata, amma bai taɓa furta kalmar ba. Ya tattaro ta da ƙyar.

"Ki yi haƙuri, Linde."

Ba ta juyo ba. Idonta na kan talabijin, fuskarta ba ta canza ba. Sai ya gane ta wane kunne ya yi maganar, kuma wannan babu injin da zai saita shi. Ya miƙe, ya zagaya ta gabanta, ya ɗosana a hannun kujerar, wurin da ya hana kowa zama tun tana sabuwa. Ya sunkuya ga kunnen dama ya sake faɗa.

"Na ji," in ji ta. "Ka tare mini sifika, tsoho. Sauko nan."

Ta matsa hagu kamar taƙi biyu, ta ɗaga masa gefen bargon. Ekkehard ya buɗe baki zai ce ta bar wurin da aka auna. Ya rufe bakinsa, ya matse a tsakaninta da hannun kujerar, ta ɓangaren da take ji.