Kazar Ɗori

Sau biyu Dakta Mas'udu yana zuwa Ikko zana jarrabawar share fagen zama likitan ƙashi, sau biyu yana dawowa Tsafe da sanyin gwiwa. Abin haushin ma, a karo na biyu ya ci. Amma ci iri-iri ne: gurbin horon bai taka kara ya karya ba, masu nema kuwa kamar ƙasa, sai wanda makinsa ya kere sa'a ake ko duban fuskarsa. Ga shekaru na tafiya. Ya riga ya yi wa matarsa Shafa'atu alkawari, in karon 1998 bai yi ba, ya haƙura ya ci gaba da duba masu zazzaɓi har tsufa.

Ana nan sai wani abokin aiki ya raɗa masa cewa duk wanda ya yi karatu da akwatin Dakta Yari, shi ke zuwa na ɗaya. Dakta Yari tsohon likita ne a Gusau, mai ɗan asibitin kansa, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Mas'udu bai yi wata-wata ba ya hau mota.

Tsohon bai ja masa rai ba ko kaɗan, har kamar jiransa yake. Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ya buɗe. Ƙasusuwan mutum ne na gaske, cikakku, sun yi ja-ja don tsufa.

"Na wane ne, ranka ya daɗe?" in ji Mas'udu.

"Wani bawan Allah da ya faɗo daga kan babbar mota tun muna makaranta. Ba wanda ya zo nemansa. Lokacin babu inda bai karye ba."

Mas'udu ya juya ƙashin cinyar hagu, ya gan shi sumul, ko tsaga babu. Ya ɗauka tsufa ne ya ruɗa tsohon. Karaya biyu kaɗai ya samu: ɗaya a ƙoƙon kai, ɗaya a tsintsiyar hannun dama, inda ƙashin ya rabu biyu a karkace.

Dakta Yari ya ara masa akwatin, ya kai shi ɗakin karatunsa a Tsafe. Gaskiya akwatin ya yi aiki. Abin da ya shekara yana haddacewa yana zubewa, yanzu da ya ɗora yatsa a kan ƙashi sai ya zauna daram, kamar wani ke faɗa masa a kunne. Ya fi son na tsintsiyar hannun. Kullum yana haɗa gutsattsarin biyu yana rabawa, har ya san karkacewar tsagar fiye da layin tafinsa.

Shafa'atu ce ta fara tsarguwa. Ta ce da rana tsaka, yana wurin aiki, takan ji ana motsi a ɗakin karatun, ƙas-ƙas, kamar mai gyara kwanciya. Ya ce ɓera ne. Ta ce wane irin ɓera ne kaji ke gudun ƙofar da yake? Ya yi dariya, amma bai gaya mata cewa hannunsa na dama ya fara yi masa tsami in ya riƙe alƙalami ba.

Ana saura kaɗan ya tafi, ya je Karakkai ta ƙasar Bunguɗu neman addu'ar mahaifiyarsa, Inna Gambo. Don ƙwazo har da ƙashin tsintsiyar a aljihu, wai kada karatu ya huce. Yana sunkuyawa gaisuwa guntu ɗaya ya faɗo a kan tabarma.

Inna Gambo 'yar maɗori ce, a gidan ɗori ta tashi. Ba ta taɓa shi ba, ƙafarta ma ta janye.

"Mi ka kawo muna gida, Mas'udu?"

Ya zayyana mata komai, har da ɗingishin mai akwatin. Sai ta ce:

"Ka tuna kakanka? In an kawo mai karaya, sai ya kama kaza ya karya mata ƙahwa daidai wurin, ita ta ɗauke ciwon, mutum ya tashi. Wanga bawan Allah ba a yi mashi sutura ba, ɗori yake nema. Kai kau ba maɗori na ba gare shi. Kai na kazar ɗorin. Ka kai shi makabarta tun yau."

Tsoro ya kama shi ƙwarai, ba zai yi ƙarya ba. Sai dai son gurbin ya fi tsoron ƙarfi. Ya ce, "In sha Allahu, Inna, ina dawowa daga jarrabawa." A ransa kuwa cewa yake, ai amana ce, ba a binne kayan aro.

Ya tafi ya dawo. Bayan 'yan makonni, da hantsi, yana tsakar gida yana wanke hannu, abokin aikin nan ya faɗo da babur yana ihu: Mas'udu ne na ɗaya, ba wanda ya ko matso kusa da makinsa, gurbi ya samu! Mas'udu ya miƙa hannu su tafa.

Hannuwan ba su ma haɗu ba aka ji ƙas. Shafa'atu da ke bakin murhu ta saki ludayi, don ta san wannan ƙarar.

A Gusau aka ɗauki hoton hannun. Da aka ɗaga shi a hasken taga, Mas'udu bai buƙaci bayani ba. Tsagar ce, da karkacewarta, wadda ya yi wata da watanni yana shafawa. Likitan da ya duba shi ya ce zai haɗe, amma jijiya ta taɓu, yatsun nan ba za su ƙara riƙe wuƙar tiyata ba.

Da ya koma Tsafe ya buɗe akwatin da hannun hagu. Ƙashin tsintsiyar yana kwance guda ɗaya, sumul, kamar na cinyar hagu, ƙafar da Dakta Yari ke ɗingishi da ita. Saura karayar ƙoƙon kai.

Yana tsugune aka yi sallama a zaure. Wani matashin likita ne, fuska cike da fara'a, wai Dakta Yari ya aiko shi karɓar akwati, bana zai zana tasa jarrabawar.

Mas'udu ya rufe murfin ya zauna a kai. Ya kira Shafa'atu ya ce ta aika kasuwa a yanko farin yadi, a kuma nemo mai haƙa, don shi yanzu ko fartanya ba ta riƙuwa a hannunsa.