Za a Hau Katanga

Maliki ya bi ma'aikacin tsara gari har bakin mota yana roƙo, shi kuwa yana ta goge jan fenti daga yatsunsa da tsumma. Ya riga ya ja layi a jikin katangar daidai ƙirjin mutum. Wa'adi ya cika, in ji shi: abin da ya haura layin nan a sauke shi yau, ko gobe katafila ta zo ta kwashe har da na ƙasa. Tun da sabuwar kwalta ta ratsa Gwadangaji gidan Maliki ya koma kan kwana, sabuwar doka kuwa ta hana katangar kan kwana wuce ƙirji, don 'yan kabu-kabu da masu Keke su riƙa hango juna kafin su yi karo.

Maliki ya tambaya ko zai iya kafa zana a saman abin da ya rage. Aka ce zana ma tare gani take yi, sai dai sandunan ƙarfe. Ja da baya kuma babu wuri, titin ya riga ya cinye rabin tsakar gidan.

"Doka ta, Baba, ba ni niy yi ta ba," in ji ma'aikacin, ya ja murfin mota.

Ba don ɓarayi Maliki ya ɗaga katangar nan ba. Me za su ɗauka a gidan tsohon malamin firamare? Don Goggo ya ɗaga ta, ƙanwar mahaifinsa da ta rene shi a Argungu. Tsufa ya kwashe mata kusan komai. Ba ta san shekarar da ake ciki ba, wani lokaci shi kansa takan ɗauke shi marigayi yayanta. Abu biyu suka rage mata. Ɗaya zaman tsakar gida, inda take wuni ba mayafi, ta miƙe ƙafa a hantsi tana tsince shinkafar da matarsa Nuriyya ta riga ta tsince. Ɗayan kuma kunya. Mace ce da ta yi aurenta cikin kulle, baƙon namiji bai taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba. Likita ya ce zirga-zirgar da take yi tsakanin tabarma da randa ita ke riƙe da ƙafafunta, ranar da ta kwanta a ɗaki ta kwanta ke nan.

Ya kira Tamba magini da rana tsaka. Tamba tsohon hannu ne, ya san ƙa'idar aikinsa. Bai ɗora ƙafa a tsani ba sai da ya ɗaga murya yadda magina ke yi don matan gida da na maƙwabta su suturta jikinsu.

"Gahwara dai masu gida, za a hau katanga!"

Goggo, wadda ko sunanta aka kira sai an maimaita, wannan kam ta ji shi sarai. Ta ajiye faifai, ta lalubi zani ta yafa a ka, ta dafa bango ta shige ɗaki da saurin da Maliki ya daɗe bai gani a jikinta ba. Ta saki labule.

Maliki ne ya riƙa karɓar bulon da Tamba ke miƙo masa, yana jerawa a gefe kamar akwai ranar da za a mayar da su. Kowane layi ya sauka, sai wani abu na waje ya shigo gidan. Da fari kan fitilar titi, sannan allon mai cajin waya, sannan shi mai cajin da abokan hirarsa a kan benci. Wani ya ɗaga masa hannu yana yi masa sannu da aiki. Maliki ya amsa, ya waiwayi tsakar gidansa. Igiyar shanya, turmi, ƙofar banɗaki, duk ga su nan a fili.

Bayan la'asar Tamba ya kakkaɓe jikinsa, ya saɓa tsani ya tafi. Nuriyya ta share ƙurar siminti sanye da hijabi har ƙasa, a cikin gidanta. Ta mayar da tabarmar Goggo wurinta.

Maliki ya tsaya a bakin ɗakin. A al'ada, in magini ya gama akan sanar da mata su fito, kuma Goggo wannan sanarwar take jira. Ya ji motsinta a bayan labule, da ƙarar sandarta.

"Yaya," ta ce, "sun sabka?"

Ya waiwaya. Wata babbar mota maƙare da albasa ta rage gudu a kwanar, leburori zaune a kan buhuna suna kallon tsakar gidan ba da wata manufa ba. Bayanta ga wata tafe. In ya ce mata ta fito, za ta fito da kanta a buɗe, don ta yarda da shi.

"Ba su sabka ba tukuna, Goggo."

"To, in sun sabka ka hwaɗa min."

Ya ce to. Ya sunkuya ya naɗe tabarmar, ya kai mata ciki.