Ɗanyen Katako

"Ku sauke shi a hankali, ba buhun siminti ba ne!" na ce da su, da suka kinkimo Baba Kafinta da katifarsa suka shigo da shi gidana. Shi kuwa wuya a juye, yana hangen ɗakinsa, inda ake ɓamɓare kwano ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana uku ne, angona," in ji jikarsa, wadda ke aiki a kantin magani. "Uku kacal ka koma."

"Ina katakon?"

"Yana hanya."

"Kun yaye rufi, katako yana hanya." Ya rufe ido. "Sannunku da aiki."

Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninmu. Rabin gidajen layinmu shi ya rufa, amma tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina hawa tsani, gara ta samu nasa ɗakin ta yi ta ci ba mai tsawata mata. In ana ruwa har robobina yake ara. A ɗakin nan matarsa ta cika, kuma ba wanda bai gaya wa ba cewa shi ma nan zai cika. Har kusurwar ya nuna min.

To, sai jikar ta cika shekara talatin. Yaran yanzu ranar da aka haife su ma biki ce. Ni da aka ce an haife ni shekarar da rijiya ta rufta, wa zan gayyata? Ta rubuta a waya, aka karanta min: kada a kawo mata turare ko jaka, a taimaka a gyara ɗakin kakanta. Kuma mutane suka bayar, ba zan ci haƙƙinsu ba. Har mai kantin da take wa aiki, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka, ya aiko da kwano.

Kuskurenta ɗaya. So take waɗanda suka bayar su ga an fara aiki ranar bikin, shi ya sa ta ce wa Mai Tumbi, kafintan da ta ɗauko, ya cire rufin da safen nan. Suka yanka kek a ɗakin da ba rufi, suka ɗauki hoto. Aka kawo mana yanka biyu. Na ci nawa, na ci nasa.

Rana ta huɗu katako ya iso. Tsohon ya ce a shigo masa da guda. Ya shinshina, ya luma farcen babban yatsa a jiki, ya nuna wa Mai Tumbi ramin.

"Ɗanye ne."

"Baba, kowa da irinsa yake aiki yanzu."

"Shi ya sa kowa yake aron roba. Ka buga wannan, wata shida ya murɗe ya tofar da ƙusa. Ka jera shi a inuwa, ka sa tsakani iska ta ratsa. Sati uku."

Yarinyar ta bi ni madafa tana kuka. "Iya, likita ya ce ba zai kai ba. Ki yi masa magana, ke yake jin tsoro."

Na shiga na zauna a bakin katifa. "Kai tsoho, sati ukun nan kana da su?"

"Ba ni da su."

"To so kake ka mutu a ɗakin ajiyata, tsakanin tukwane? Mutane su ce me? Bazawara ta ɗauke ka kwana kaɗan ta gama da kai?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Guminsu mutane suka ba yarinyar nan. In ya yi yoyo baɗi, ita za su kalla. Kuma ita za ta kwana a ƙarƙashinsa."

"Kusurwar taka fa?"

Ya juya fuska bango.

Ni dai ban iya karatu ba, amma na iya shirya abu. Rana ta goma na kira Mai Tumbi gefe, na ce ya hau ya buga bayan tsohon ya sha maganin da ke sa shi barcin rana. In ya farka sai mu ce ya bushe da wuri. Ya hau. Guduma uku ya buga. A ta huɗu muka ji murya daga ɗakin ajiya, muryar da na ɗauka ta ƙare.

"Sauko! Ina jin ruwa a cikinsa! Ke kuma, na san aikinki ne!"

Mai Tumbi ya sauko kamar an kama shi da kazar mutane. Kwana biyu tsohon bai kula ni ba, sai dai in miƙa cokali ya buɗe baki.

Daga nan ya daina ci. Kumburin ya hau har ciki, numfashi sai a zaune. Kullum da hantsi a shigo masa da katako ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ran sha tara hannun ya ƙi ɗaguwa, jikar ce ta riƙe masa shi ta ƙwanƙwasa. Ya kasa kunne.

"Ya yi," ya ce. Ya dubi jikar. "Amarya, ce wa Mai Tumbi ya fara ta gefen ƙofa."

"A'a, ta kusurwarka zai fara, mu mai da kai yau ɗin nan," in ji ta.

"Ta ƙofa ake farawa."

Aka fara ta ƙofa. Muna zaune ni da ita, shi ido a rufe, leɓensa na motsi da kowane bugu. Sau ɗaya ya ɓata rai, ya ce, "Ta lanƙwashe," muka ji an zare ƙusa an sake bugawa. Rana ba ta kai tsaka ba na lura gudumar tana tafiya, leɓen ya tsaya. Na taɓa shi. Na ja mayafi na rufe masa fuska.

Yarinyar ba ta yi ihu ba, sai ta kifa kai a gwiwarsa. Na fita tsakar gida na ɗaga wa Mai Tumbi hannu. Rabin ɗakin ya rufu, ɗaya rabin sama ce fetal.

Ya sauko a hankali, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙusoshi uku na nan a bakinsa, ya manta bai cire ba.