Talatar da Kasuwa Ba Ta Ci Ba

Shekara goma sha ɗaya Pyo Gum-sun tana kafa rumfa duk Talata a gindin dogayen benayen unguwar Solbit. Ayarinsu na 'yan kasuwa mota ashirin ne, yau su ci kasuwa a wannan unguwa, gobe a waccan. Ita tokboki take sayarwa, curin shinkafa a jar miyar barkono.

Sai aka zaɓi Om Hye-ja shugabar matan unguwar, ga ƙaninta zaune ba aiki yana neman wurin kafa rumfa. Wata ranar Talata Hye-ja ta sayi kwano ɗaya a wurin Gum-sun, ta yi taku uku, ta kurma ihu, ta ɗago kyankyaso a bakin tsinke.

"Ku zo ku ga abin da take ɗura wa 'ya'yanmu!"

Kyankyason busasshe ne ƙayau, ko miya bai jiƙa shi ba. Gum-sun ta faɗa, ba wanda ya saurara. Kafin azahar an naɗe mata rumfa, mako na zagayowa ƙanin ya gaje wurin.

Gum-sun ba ta yi kuka ba. Ta bi abokan sana'arta mota-mota, ta ƙare da Baba Tak mai kifi, wanda ba a tsallake maganarsa.

"Baba, yau ni ce. Gobe tsutsa Hye-ja za ta tsinta a kifinka, tunda tana da ƙani na biyu."

Ya daɗe yana wasa wuƙarsa. "To, Talata mu huta," in ji shi.

Talata uku a jere filin Solbit wayam. Tsofaffin da suka saba sauko da kwando su sayi kabeji da kifi a ƙofar gida, sai da suka hau bas. Hye-ja ba ta shiga lif ɗin hawa bene sai an gasa mata magana.

Ranar Alhamis Hye-ja ta sami 'yan kasuwar a wata unguwar.

"Yaya Gum-sun, a yi haƙuri, abin ya wuce."

"Au, yau ni ce Yaya? Zauna, Shugaba. Ba a magana da yunwa."

Gum-sun ta cika kwano, ta zuba garin barkonon da take ajiye wa masu taurin kai, cokali huɗu, a kan idon Hye-ja. 'Yan kasuwa suka bar rumfunansu suka kewaye su.

Hye-ja ta ci. Hawaye da majina suka haɗu a haɓarta. Ta miƙa hannu ga butar ruwa, Gum-sun ta janye.

"Daga ina kyankyason ya fito?"

"Daga... jakata."

"Baba Tak kunnensa ya yi nauyi. Ɗaga murya."

Ta ɗaga, har masu wucewa suka tsaya.

Kasuwa ta koma Solbit, aka tura ƙanin can kusa da bola. Hye-ja ta sauka daga shugabanci kafin sanyi ya shigo. Ko jikokinta aka aiko, Gum-sun sai ta ce miya ta ƙare, tukunya kuwa cike tana tafasa.