Faratan Madam

"Ba zan shafa miki ba, Hajiya," in ji Hasiya. Ta ɗora kwalbar jan farcen a kan taga, inda hannun tsohuwar ba zai kai ba.

"To miƙo, in shafa da kaina."

"Da wane hannun? Wanda ko kofin shayi ba ya iya riƙewa?"

Hajiya Ummusalma ta juya fuska ga bango, ta bar Hasiya tsaye da buta a hannu. Duk layinsu a Tudun Wada Madam ake ce mata. Hasiya tela ce, ɗakinta na kallon na tsohuwar a gidan haya ɗaya. Tun da asibiti suka sallamo Madam suka ce a je gida a ci gaba da addu'a, jinya ta faɗo wuyan Hasiya, domin babu ɗa babu jika. Ɗinkin mutane na jibge a kan keke, ita tana nan ana jayayya da ita a kan farce.

Abin da ke cin ran Hasiya ba ƙarami ba ne. Jan farce yana hana ruwa taɓa farce, alwala ba ta yiwuwa. Da can Madam kan shafa in za ta fita, ta goge da kanta in ta dawo. Yanzu kuwa ta rantse in an shafa ba mai gogewa, sai Jabir ya zo ya gan ta. Jabir ɗan marigayi mijinta ne, wanda kullum aka kira shi sai ya ce yana nan tafe cikin satin nan. Hasiya ba ta son matar nan ta koma ga Allah babu alwala, sannan matan unguwa su zauna kankare faratan gawa suna haɗa ido.

Hali zanen dutse. Madam ta ɗauko nata ne a Bukuru zamanin kuza, tana yarinya mai tallan gyaɗa a ƙofar kulob ɗin Turawan ma'adinai. Ta taga take leƙen finafinan barkwanci marasa kala, inda 'yar kanti kan yi wa attajiri kisisina da fari da ido har ta wayi gari uwar gidansa. Turawa na dariya, ita tana ɗaukar darasi. Ta auri akawu, ya sake ta, ta ce gaba ta kai ta, gobarar Titi. Ta auri mai manyan motoci, daga shi sai ɗan kwangila a Rayfield, unguwar masu kuɗi. Da ɗan kwangilar ya rasu 'ya'yansa suka raba gida, matakalar da ta yi shekaru tana hawa ta sauko ta a yini guda.

Ana cikin haka Emenike ya yi sallama. Shi ne mai gyaran talabijin a bakin layi, wanda ya zuba mata tsofaffin finafinan a filas ɗin da ake soka wa talabijin.

"Mama, yaya jiki? Na kawo rimot, ya gyaru. Ka danna nan kawai," in ji shi da Hausarsa ta ɗan koyo.

Ya kunna. Baturiya ta bayyana a allo da doguwar riga, tana yi wa wani tsoho mai sulalla murmushi, ta ɗaga hannu tana gyara gashi.

"Kin gani?" Madam ta ce, murya a shaƙe. "Mace ba ta karɓar baƙi da farce tsirara."

Hasiya ta kalli allon don haushi kawai. Sai ta ƙara matsawa kusa.

"Hajiya, wa ya ce miki ja ne?"

"Ja ne mana."

"Ni dai baƙi nake gani."

Emenike ya yi dariya. "Mama, wannan fim ba shi da kala. Ko ja ne, ko kore ne, ba wanda ya sani."

Madam ta daɗe tana kallon faratan Baturiyar. Tun tana yarinya take sayen ja, ba ta taɓa tambayar kanta ba.

"Lalle ma haka yake fita in ya kama," in ji Hasiya. "Kuma ba ya hana alwala."

"Lalle na matan ƙauye ne."

"To shi ke nan. Ki zauna da fararen farata har Jabir ya zo."

Ta ɗauki butarta za ta fita. Ta kai bakin labule ta ji muryar tsohuwar.

"Ki kwaɓa da kauri, 'yar nan. Ki matsa lemon tsami. Kada ya fito ja-ja kamar na mai talla."

Washegari da hantsi Hasiya ta yi mata alwala, gaɓa bayan gaɓa, Madam ta yi sallar walaha da ishara. Sannan ta ɗora lallen a kan kowane farce, ta ɗaure hannuwan da leda. Numfashin tsohuwar ya sauya tun asuba, Hasiya ta ji shi. Ta fita tsakar gida ta kira Jabir.

"Alhaji, jikin fa ya yi tsanani. In za ka zo, yau ce."

"Wallahi ina Abuja, muna taro. Ki gaishe ta, cikin satin nan in sha Allah."

Ya kashe. Hasiya ta tsaya da waya a hannu. Da a gabanta yake da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ta share fuska da gefen zane ta koma ciki.

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki."

Madam ta rufe ido. Can ta ɗan motsa hannun da ke cikin leda.

"Ya kama?"

"Ki yi haƙuri, sai la'asar."

Ba ta kai azahar ba. Hasiya na laƙƙana mata kalmar shahada, leɓunanta na bi a hankali, har suka tsaya. Fim ɗin na ta tafiya babu murya, sai da Emenike ya shigo ya kashe, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu.

Mata biyu suka zo taya wanka. Da aka zo kan hannu, Hasiya ta ce su bar mata. Ta kwance ledar, ta ɓare busasshen lallen da yatsa. Ya kama sosai, ja har ya koma baƙi, daidai da na Baturiyar allo. Ta zuba ruwa ya bi ta kan faratan ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙe hannun na ɗan lokaci tana dubawa, sannan ta kwantar da shi a gefen Madam, ta ja likkafani ta rufe.